Sawun Tayarki a Hanyar Ponta do Caju

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya yi wa Dona Erivalda Sampaio rasuwa a asibitin garin Barreirinhas, bayan jinyar wata uku. Ni Nonato, ɗan aiken ƙaramin asibitinmu, ban ji labarin ba sai da la'asar.

Uwar ɗakina Dona Erivalda, shekara tara kina kai magani ƙauyukan da ke bayan tuddan rairayi a kan keke mai faffaɗar taya, kafin ki miƙa mini aikin. Ke kika zaɓar mini kekena. Na so wani ja mai ƙyalli, kika ɗaga shi da hannu ɗaya, kika ce, "Wannan kai za ka riƙa goyonsa, ɗan nan. Aje musu abinsu." Kin koya mini in sace wa taya iska a rairayi har babban yatsa ya lotsa ta, in ƙara mata in na hau jar ƙasa, in sauka in tura a laka. Ba ki taɓa barina na kama hanya ba sai da garin rogo da busasshen kifi a jaka.

A safiyar Talatar nan ina ɗauke da allurar ciwon suga ta tsohuwa Dona Firmina zuwa ƙauyen Ponta do Caju. Iska ta share hanya, tuddan duk sun sake kama. Na yi ta kewaye tafki ɗaya, ƙanƙarar da ke cikin kular maganin tana narkewa. Sai na ga sabon sawun taya a gabana, da tambarin facin nan mai kusurwa uku da kika manna a tayarki ta baya. Iska tana kaɗawa, amma ba ta rufe shi ba. Na bi. Ya kauce wa jiƙaƙƙen rairayin da ke haɗiye ƙafa, ya kai ni har shingen ƙauyen. A nan ya ƙare, babu keke, babu sawun ƙafa.

Dona Firmina na zaune a ƙofa. Ta ce, "Yanzu Erivalda ta wuce. Na ce ta tsaya ta sha kofi, ko waiwayowa ba ta yi ba. Me na yi mata?"

Da na koma na biya gidanki, 'yarki Lucimar ta faɗa mini lokacin da kika cika, ta kuma buɗe mini rumfar ajiyar kayanki. Kekenki na rataye inda kika bar shi tun Disamba, tayoyin babu iska. Na shafa ta baya, ɗanyen rairayi ya manne mini a hannu.

Ubangiji Ya ji ƙanki, Ya gafarta miki, Ya ba Lucimar da Seu Raimundo mijinki haƙurin rashinki. Gobe zan fara kafa sanduna a hanyar, kada in sake ɓata. Ki kwanta ki huta, Dona Erivalda, ba sai kin sake fitowa ba.