Zanen da Ya Ƙi Naɗuwa

Ranar Asabar ta farko a watan Satumba, shekarar da na ci jarrabawar satifika ta gama firamare, wata motar kasuwa da ta taso daga Tawa ta tsaya a bakin garinmu, aka sauke wani dogon bututun ƙarfe daga samanta. Baba ya ɗauki kai, ni na ɗauki gindi, muka ratsa gari da shi har bakin tabkin Tabalak, yara na biye da mu suna tambaya ko famfo za mu kafa a cikin ruwa. An tsaga bututun tun daga sama har kusa da ƙasa, a cikinsa akwai siririn rodi, a gindinsa kuma mai walda ya liƙa fedar keke. Ina haki ina taƙama, don ƙarfen nan ne zai karɓe ni daga aiki in tafi kolej.

Gidanmu gidan masunta ne, kuma ba sai an faɗa wa baƙo ba, hancinsa zai gaya masa tun daga zaure. Inna na tsakar gida kullum tana juya tarwaɗa a kan banda, hayaƙi ya rina katanga da tufafinmu, har a lakwal, wato makaranta, ba a kirana da sunana, sai Ɗan Banda. Kafin in tafi aji sai na kwalfe ruwan da ya kwana a kwalekwale, in na dawo in zauna korar shirwa daga kifin da aka shanya, da yamma kuma mu yi langa a kan rairayi har raƙuman Buzaye su sauko shan ruwa su watsa mu. Ban taɓa ganin wannan rayuwa da daɗi ba sai da ta wuce.

Duk faɗin tabkin, kwalekwalen Baba kaɗai ke da zanen iska, wanda iska ke busawa ta tura jirgi. A Abijan ya gano abin, inda ya yi shekaru yana gadin wurin da Turawa ke ɗaure jiragensu na shaƙatawa. Da ya dawo, sai ya sa Inna ta farke buhunan taki ta ɗinke su wuri guda, ya kafa itacen turare a gaban kwalekwalen, ya rataya igiya. Da zanen nan muke kaiwa can ƙarshen tabki inda manyan kifaye suke, inda mai tuƙi da hannu ba ya isa sai rana ta take. Amma aikin na mutum biyu ne. Baba yana baya da filafili yana saita hanya, ni ina gindin itace da igiya a hannu. In iska ta ɓaci, kalma ɗaya yake faɗa, "Saki!", sai zanen ya faɗo mini a ka, mu tsira. Shi ba ya iya jan igiyar, domin tun a Abijan kafaɗarsa ta hagu ta goce, hannun ba ya wuce kunnensa. Ƙannena kuwa duk mata ne, babbarsu ko famfara ba ta gama ba.

Saboda haka da sakamakon jarrabawa ya fito, aka ce an ba ni kolej a Tawa, murnar gidanmu ba ta kai la'asar ba. Zaɓi biyu ne a gaban Baba. Ko ya bar tsohon zanensa yadda yake ya riƙe ni a gindin igiya, ko ya yi irin wanda ya gani wurin Turawa, wanda ke naɗewa a cikin ginshiƙi, mutum ɗaya ya ja shi waje da igiya daga zaune, ya murɗa ya mayar da shi ciki ba tare da ya ɗaga hannu sama ba. Kawu Idi, wan Inna, shi ma masunci ne, kuma bai iya ɓoye magana ba. A ƙarƙashin rumfarmu ya ce, "Malam Hamidu, zanen da ba ka iya kaddawa ƙasa ran da iska tat taso, ba naka ba na, na iska na. Bar yaro ga igiya tai." Baba ya ce, "Idi, da idona na ga tsoho guda shi kaɗai shina tuƙa jirgin da yaf fi ɗakinga girma. Yaronga lakwal za shi." Inna ta ci gaba da juya kifinta.

Ƙarfen ya yi aiki, ba zan ci amanarsa ba. Ranar gwaji Baba ya ja igiya, zanen ya fito sumul daga tsagar, ya murɗa feda, ya shige abinsa. Masuntan da ke gaɓa suka yi ta salati. Ni kuwa ina zaune a tsakiyar kwalekwale hannuna a cinya, karo na farko a rayuwata, ina jin kaina wani babban ma'aikaci. A fita ta uku ne, Baba ya juya baya yana jawo kalli, ragarmu ta kamun kifi, ya ce in naɗe zanen. Na murɗa sau biyu, feda ta cije. Rana ta riga ta cinye buhun, wani zare ya sille ya sarƙe a bakin tsagar. Na zura yatsa na ɓanɓaro shi da sauri, ƙarfen ya yanke ni, jini ya ɗiga a kan zanen. Da Baba ya tambaya, na ce ƙayar tarwaɗa ce. Na san sarai abin da na gani, na kuma san in na faɗa, itacen turare zai dawo, ni ma in koma gindinsa. An riga an saya mini akwatin ƙarfe da takalma, sai na ja bakina na yi shiru.

Sai a hutun Disamba na dawo gida. Tun daga kan hanya na leƙa gaɓa ban hango bututun ba. Inna ce ta ba ni labari, tana magana tana kallon wuta. Sati uku bayan tafiyata, hadarin ƙarshen damina ya taso da hantsi, Baba yana can ƙarshen tabki shi kaɗai. Ya murɗa, zanen ya shiga rabi ya tsaya. Ya murɗa baya, ya ƙi fita. Babu igiyar saki, kuma ba wanda zai ce wa ya saki. Iska ta cika rabin da ya rage, nauyin ƙarfen ya taimaka mata, kwalekwalen ya kife a wuri mai zurfi, ya tafi da kalli da komai. Wata jarka Baba ya rungume har masunta suka iso gare shi, kuma ya hana a aiko mini da labarin. Bai sake mallakar kwalekwale ba. Ya koma fede kifin wasu a gaɓa, da tarin da bai rabu da shi ba har yau. Kawu Idi, Allah ya ji ƙansa, bai bar maganar ta huce ba, ko a wurin suna sai ya tayar da ita.

Na yi karatun, har jami'a. Takardata tana cikin leda a ƙarƙashin katifa, ni kuma ina kan babur ina kabu-kabu a Tawa, ina kai ma'aikata ofisoshin da na gaji da kai takardar neman aiki. Tabkin ma rairayi yana cinye shi, inda muke ɗaure kwalekwale yanzu gonar albasa ce, kifin da ake kamawa yanzu, a da mayar da irinsa muke yi ruwa. Baba kuwa duk baƙon da ya zo sai ya nuna ni ya ce, "Wanga shi na ɗana mai karatu." Ba abin da ke ƙona mini rai kamar wannan yabo.

A Sallar layya da ta wuce na kasa daurewa, na zauna kusa da shi na faɗa masa maganar zaren, daga farko har ƙarshe. Ya daɗe yana tari, sannan ya ce, "Na gani, Isuhu. Tarwaɗa ba ta hawa zane. Da na yi magana, da uwarka ba ta bari ka tahi ba." Ya miƙo mini tsokar nama ya ce in ci kafin ta huce.

Na ci. Shekara da shekaru ina tsoron ranar da zai sani, ashe da bai sani ba da na fi samun sauƙi.