Ɗanbaba Mai Faci, Katangar 'Ya'yanmu a Filin Ƙwallo

Duk wanda ya saba bin hanyar kasuwar Jega da safe ya san rumfar Ɗanbaba mai facin keke. Kafin rana ta yi zafi ya riga ya shimfiɗa buhunsa, ya cika tasa da ruwa, yana nutsa tiyub yana neman inda iska ke fita. Haka zai wuni da gam da famfo har a kira la'asar. Da an sallame sai ya rufe rumfa, ya rataya usur a wuya, ya ɗaura ƙwallo a bayan kekensa, ya nufi fili. Shekara da shekaru shi ne alƙalin wasan yaranmu na firamare, a Jega da Aliero da Maiyama, har garin Katanga idan an kira shi. Ba hukuma ce ta naɗa shi ba, babu kuma wanda ya taɓa aiko masa da ko sannu daga babban birnin jiha.

Wanda bai taɓa tsayawa bakin filin wasan yara ba, ba zai gane abin da nake tsoro ba. Yaran ba su da matsala. Iyaye ne abin tsoro. Mutum mai furfura zai tsaya yana zagin ɗan wani har uwa, yana cewa a karya shi, don kawai ya ƙwace ƙwallo daga ƙafar nasa ɗan. Wani direba da ake kira Yaro, wanda ke kwasar yaranmu a a-kori-kurarsa, ya gani da idonsa a Maiyama: wani uba ya shiga fili ya mari ɗansa mai tsaron gida saboda an zura masa ƙwallo. Ɗanbaba ya tsayar da wasa, ya riƙe hannun yaron, ya ce wa uban ya shiga tsakanin sandunan raga da kansa a buga masa guda ɗaya kowa ya gani. Mutane suka yi ta dariya, uban ya sulale. Bayan an tashi kuma Ɗanbaba ya raka yaron har ƙofar gida, bai bar wurin ba sai da ya ga zuciyar uban ta sauka.

Yana da wata al'ada da muka daɗe muna yi wa dariya. Kafin kowane wasa sai ya tara yaran ɓangarorin biyu ya ce musu, idan suka ji ya busa usur bai tsaya ba, kowa ya tuɓe rigarsa ya jefa wuri ɗaya, su zo su zauna kewaye da shi a cakuɗe, kada wanda ya zauna kusa da ɗan garinsu. Mu dai muna ɗauka tsufa ne ya fara kama shi.

Sai ranar da muka je Aliero, lokacin cirar albasa. Filin yana tsakanin gonaki, mutane suka taso daga aiki suka kewaye shi, wasu da fartanyarsu a kafaɗa. Ɗana Muntari yana cikin 'yan Jega masu shuɗiyar riga. Ana cikin wasa shi da wani yaron Aliero mai suna Mudi suka tashi sama neman ƙwallo ɗaya, suka yi karo. Muntari ya miƙe. Mudi bai miƙe ba, yana riƙe da ƙafa yana ihu.

Uban Mudi, wani manomin albasa da ake kira Almu, ya zare ƙotar fartanya ya faɗo fili. Mutanensa suka biyo shi. Namu kuma suka fara duƙawa suna tsintar duwatsu.

Sai usur ya tashi, bai tsaya ba. Kafin Almu ya kai tsakiyar fili, riguna shuɗɗa da jajaye sun zama tsibi guda, yara kuma suna zaune a ƙasa jiki duk ƙasa, kai duk aski iri ɗaya. Almu shuɗiyar riga kawai ya gani daga nesa lokacin karon, bai san fuskar kowane ɗan Jega ba.

Ni kuwa ƙafafuna sun riga sun ɗauke ni. Yaro direba ne ya cafke ni ta baya.

"Ina za ka, Baban Muntari?" ya ce a kunnena. "In ka tahi wurin ɗanka, kai ka nuna ma Almu shi. Tsaya! Ko kallonai kada ka yi."

Na tsaya. Ban taɓa yin abu mai wuya irin wannan ba. Ɗana yana zaune cikin inuwar wannan ƙota, ni kuma ina kallon kunyoyin albasa kamar ba ni da kowa a filin.

"Wane na yak karya man ɗa?" in ji Almu. "Ku hiddo man shi!"

Ɗanbaba yana tsaye a gabansa hannu wofi. "Malam Almu, wasa na, karo sunka yi. Ga ɗanka can kwance shina kiranka."

"Kai tsoho, kauce! Mai facin keke ka koya man yadda nika da ɗiyana?"

"Ba ni kaucewa. Wanga wuri duk ɗiyana na."

Almu ya juya wajen wani dogon yaro ɗan Aliero, ɗan maƙwabcinsa. "Kai, Abdulwahabu, ka gan shi. Wane na?"

Muntari yana zaune kafaɗa da kafaɗa da wannan yaron. Abdulwahabu ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni ban gani ba, ina baya."

Almu ya ɗaga ƙota ya nufi yaran, wai sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya kawo duka, Ɗanbaba ya tare ƙotar da hannun dama. Ƙarar da ƙashin ya yi har inda nake tsaye na ji ta. Ɗanbaba bai faɗi ba, bai kuma rama ba. Ya dafe hannun, ya juya wajenmu 'yan Jega ya ce, "Wanda duk yaj jefa dutse, ni yaj jefa." Duwatsu suka zube. Sannan ya dubi Almu ya ce, "To, ka samu wanda ka buga. Yanzu tahi ka ɗauki ɗanka."

Dattawan Aliero suka karɓe ƙotar. A motar Yaro aka kai su gidan mai ɗori su biyu, Mudi da Ɗanbaba, a tabarma ɗaya aka zaunar da su. Direban ya ce yana jin Ɗanbaba na tsokanar Mudi, wai su yi gasa a ga wanda zai riga warkewa. Almu yana rakuɓe a bakin zaure ya kasa ɗaga ido. Mudi ya warke, yana gudunsa yanzu. Hannun Ɗanbaba ne bai koma daidai ba, ga gwiwa ta fara ƙi. A watan jiya ya faɗa mana ya ajiye alƙalanci.

Ɗanbaba, kai ne katangar da 'ya'yanmu suka fake a bayanta. Kai ne ka san halinmu, mu iyaye, fiye da yadda muka san kanmu, ka shirya wa ranar tun ba ta zo ba. Hannun da kake ci da iyalinka da shi ka miƙa saboda ɗan da ba naka ba. Na gode, uwar Muntari ta gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiya, Ya tsare maka naka.

Ku kuma iyaye 'yan'uwana na Jega da Aliero da Maiyama, Ɗanbaba ba zai sake tsayawa tsakaninmu da yaran nan ba. Wanda zai zo kallo ya bar fartanyarsa a gona, ya bar zagi a gida. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya taso, ya riƙe shi tun bai taka layi ba. A samu matasa su je wurin tsohon nan su koyi aikin tun yana da ƙarfin koyarwa.

Asabar mai zuwa akwai wasa a Maiyama. Muntari ya wanke shuɗiyar rigarsa ya shanya, ya zo ya durƙusa yana tambayata ko zai je. Har yanzu ban ba shi amsa ba.