Yadda Na Je Ɗauko 'Ya'yana

Daga Gusau

Tun kafin kiran sallar asuba na farka, na iske Inna, mahaifiyata, ta riga ni tashi har ta dama kunu. Na haɗiyi maganina na safe a gabanta kamar yadda muka saba, na sa sauran a jaka. Muna idar da salla na hau kabu-kabu zuwa tasha, gari bai gama wayewa ba.

Shekara uku ke nan rabona da 'ya'yana. 'Yan bindiga sun kashe mijina a hanya ina da tsohon ciki. Na haihu, ba a yi arba'in ba hankalina ya gushe. Aka kwantar da ni asibiti, dangi suka raba yaran. Babban, wanda nake kira Babangida, aka kai shi Anka wurin Malam Sani, yayan mijina. Sa'adatu ta tafi Bukkuyum wurin gwaggonta. Jaririn, Abba, aka miƙa shi ga Dije, matar kawuna, a wata ruga kusa da Gummi, don tana shayarwa a lokacin.

A tasha na tarar da Malama Asabe ta kama mana wuri. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce, asibiti ya haɗa mu. Mun daɗe muna zama da ita da Inna muna tsara yadda yaran za su dawo: ɗakin da za su kwana, makarantar da za su shiga, komawata koyarwa a firamare, ranar ganin likita, da ziyarar da za ta riƙa kawo mana. Tun farko ta gaya mini ba za ta ƙwaci yaro daga hannun kowa ba, kuma kowane yaro sai an ji ta bakinsa.

Mota ta cika amma direba ya ƙi tashi. Wani fasinja ya yi magana, direban ya ce masa, "Alhaji, yanzu ba a sammako ga hanyar ga. Bari motocin Anka su fara shigowa mu ji lahiya." Sai da hantsi ya fito muka kama hanya. Daga Mayanci hira ta mutu a mota. A shingen sojoji aka sauke mu muka taka da ƙafa, mota ta biyo mu a hankali. Gonaki duk an yanke gero, wasu kuma ko nomawa ba a yi ba.

Anka

Kafin azahar muka isa. Malam Sani ya sallami ɗalibansa, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo hoce da ƙuli da ruwan randa. Na durƙusa na gaishe shi. Malama Asabe ta fara bayanin tsarin, ya saurara har ta kai ƙarshe, sannan ya dube ni.

"Rabi, ke nika son ji. In ciwon ga ya dawo fa?"

Wannan tambayar nake tsoro tun daga gida. Na ce, "Yaya, yana iya dawowa, likita bai ɓoye mini ba. Alamarsa ta farko rashin barci, Inna ta san ta. Ranar da ta gani za ta kira Malama, a kai ni asibiti. Yara su zauna inda suke da Inna, su ci gaba da karatunsu. Ba za a sake raba su ba."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya ce, "Da kin ce min kin warke sarai, da ban ba ki shi ba."

Ya gaya mana abin da ke damunsa. Babangida ya fara sulalewa bayan la'asar zuwa inda ake niƙa dutsen zinariya, yana dawowa da ƙura har cikin gashi. Malam ya ce shi ya ga yaran da gubar dalma ta kashe a Sunke da Tungar Guru, ba ya son ya sake gani a gidansa. Malama Asabe ta ce to za a ƙara wannan cikin tsari: muna isa Gusau a gwada jinin yaron. Malam ma ya kawo nasa sharaɗin, cewa kada hadda ta tsaya, kuma duk hutun makaranta a turo masa shi ya ji karatu.

Aka kira Babangida. Ya yi tsawo har ya kusa kamo ni. Ya gaishe ni kansa a ƙasa, na amsa ina kallon bango, don ɗan fari ne kuma a gaban baffansa. Malama ta ja shi soro na biyu suka yi magana su kaɗai. Da suka fito sai ya wuce cikin gida, ya dawo da allonsa da wata jakar buhu.

Bukkuyum

Da la'asar sakaliya muka samu wata Golf mai zuwa Bukkuyum, mu uku a baya da buhun albasa a ƙafafunmu. Direba ya yi ta gudu don ya shiga gari da sauran rana. 'Yan sa-kai suka tsayar da mu sau biyu, suka leƙa suka ce mu wuce.

Gwaggo Hajo, ƙanwar mijina, ta tarbe mu da kuka da dariya. Ita ba ta da wata gardama. Sa'adatu ce ta laɓe bayan turmi ta ƙi fitowa. Shekararta biyar lokacin da na kwanta, kuma ta ga abin da yayanta bai gani ba, don yana makaranta ranar. Na kulle mu a ɗaki ni da ita da jariri tun safe, ina cewa ga 'yan bindiga nan, sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofa.

Malama ta hana a jawo ta. Muka ci tuwon dawa miyar kuka, muka kwana ɗakin Hajo. Da safe Malama ta zauna kusa da yarinyar tana taya ta wanke kwanoni, suna magana ƙasa-ƙasa. Bayan wani lokaci ta kira ni.

"Sa'a na da magana. Faɗa mata da kanki."

Yarinyar ta ce, ba ta dube ni ba, "Umma, ɗakin yana da sakata?"

Na ce yana da ita.

"A cire."

Na ce za a cire kafin ta shiga. Malama ta sa na kira Inna a waya nan take, Sa'adatu ta ji da kunnenta Inna na cewa yanzu za ta aika a kira kafinta. Sannan ta ce tana son ta riƙa jin muryar gwaggonta duk Juma'a, Hajo ta ce ko kullum. Da za mu fito ba ta kama hannuna ba, na yayanta ta kama. Ban damu ba, tunda mota ɗaya muka shiga.

Gummi

Muka koma babbar hanya, muka bi ta Daki Takwas, muka shiga Gummi rana tsaka. Kawu Bello na jiranmu a tasha da mashin biyu. Rugarsu ba nisa, bayan gulbi kaɗan.

Dije na tsugune tana dama fura da muka shiga. Wani yaro ƙato, baƙi kamar mahaifinsa, yana rataye a wuyanta. Ban tambaya ba, goshin kawai na gani. Na miƙa hannu na ce, "Abba, taho." Ya dube ni, ya cusa fuskarsa a bayan Dije, ya ce mata wani abu da Fulatanci. Na tambayi Kawu me ya ce. Kawu ya ce, "Cewa ya yi, Inna, wace ce wagga?"

Na fita bayan bukka na zauna kan wani kututture. Malama Asabe ta biyo ni, ta bar ni na yi kukana. Da na tsagaita ta ce, "Rabi, ɗanki ne, ba mai musu. In kin ce yau, za mu roƙa a ba ki yau. Amma ki duba yadda zai kwana a Gusau, ba Dije, ba wanda ke jin maganarsa."

Na ce, "To in bar shi ke nan?"

"A'a. Mu sake tsarin, ya san ki tukuna."

Muka koma ciki. Ashe Dije ta kwana biyu ba ta cin abinci tun da ta ji muna tafe, ta ma ɗaure kayansa a ɗankwali. Na ce ta kwance. Ta dube ni kamar ba ta gane Hausar ba. Muka zauna da Kawu aka daidaita: duk wata Dije za ta biyo shi in zai kai shanu kasuwa, ta kawo Abba Gusau su kwana biyu, ni ma in zo da hutu. Za a fara yi masa Hausa a gida, a riƙa gaya masa yana da Inna yana da Umma. In ya isa shiga makaranta a sake zama a duba.

Na yi zaton zan tashi da baƙin ciki, sai na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Shekara uku ina mafarkin yaron nan cikin yunwa, ga shi na gan shi da kumatu, ana faɗa da shi ya sha nono yana ƙi don ya ƙoshi. Kafin mu tafi Sa'adatu ta goya shi ta zagaya garke, ya yarda. Ni kuma ya karɓi ƙosai daga hannuna, ya gudu da shi.

Komawa gida

Muka kwana cikin garin Gummi gidan wata abokiyar aikin Malama, washegari muka samu mota mai zuwa Gusau kai tsaye. Yaran suka yi ta barci, kan Sa'adatu ya gangaro kafaɗata tun daga Anka, ban motsa ba har Bunguɗu.

Inna na bakin ƙofa. Ta rungume biyun tana leƙen bayana. Na ce, "Yana lafiya, Inna. Wata mai zuwa za ki gan shi." Malama Asabe ta sha ruwa, ta tuna mini gwajin jini ranar Litinin, ta ce za ta leƙo mu cikin mako. Na yi mata godiya. Allah Ya saka mata, Ya saka wa Malam Sani da Hajo da Dije da suka riƙe mini amana, Ya kuma kiyaye direbobin da ke bin wannan hanya kullum.

Bayan magariba ina alwala na ji hayaniya a ɗaki. Sai ga su sun fito, kowa na riƙe da gefen katifa ɗaya, wai kowa bakin bango yake so. Sa'adatu ta tsaya a gabana, ta kama ƙugu ta ce, "Umma, ki yi masa magana."

Na ajiye buta na tashi.