Akwatin Wasan Abarci da Hannun Aisata

Abarci mutumin Korahane ne. Yana saurayi fari ya cinye dabbobin ubansa, ya shigo Dakoro da riga ɗaya da tabarma. Ya yi dako a kasuwa, ya yi sayar da ruwa, daga baya ya zauna wajen wani tsoho mai gyaran rediyo a gefen tasha, har ya iya aikin ya gaji rumfar. Mutum ne maras yawan magana. In ka kawo masa rediyo, sai ya kara ta a kunne ya saurara, sannan ya ce maka, "Dawo bayan la'asar."

Matarsa Aisata ita ce mai baki. Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, kuma duk unguwar an san ƙarfin hannunta wajen matsa. 'Ya'yansu uku, ɗaya ce ta rayu, Sharifa, wadda aka kai Bader Goula aure.

Wata shekara, can wajen ƙarshen shekarun casa'in, wani direba ya sauke wani dogon akwati a tasha, ya fi mutum tsawo, da gilashin talabijin a gaba, da sanda mai jan kai da maɓallai. Na wasa ne, irin wanda ake jefa wa kuɗi. Abarci ya saye shi ya kafa a rumfa. Samarin gari suka yi masa caa, daga safe har magariba. Shekara biyar ana haka, sai wata damina aradu ta faɗi kusa, cikinsa ya ƙone. Abarci ya buɗe, ya duba, ya ga ba gyara. Amma bai iya yar da shi ba. Ya sa aka kai gida a amalanke, aka jingine a zaure.

Aisata ba ta taɓa son abin ba. "Malam, wannan gawar taka yaushe za a binne ta?" Haka take cewa duk lokacin da ta yi tuntuɓe da shi. Da ta gaji, sai ta mai da shi ma'ajiyar ƙore da buhunan gyaɗa.

Shekara uku da suka wuce, tana tsakar suyar gyaɗa da hantsi, ludayin ya suɓuce mata. Ta sunkuya za ta ɗauka, ta faɗi. A asibitin Maradi suka ce hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye. Bayan sati uku bakinta ya ɗan dawo, ƙafar tana ja, hannun kuwa yana rataye kamar ba nata ba. Likita ya ba su wata 'yar ƙwallon roba, ya ce ta riƙa matsawa kullum, ko Allah zai sa jijiyar ta farka.

Da suka dawo gida ta ƙi. Matar da ta shekara talatin tana matse mai daga tunkuza, a ce ta zauna tana fama da ƙwallon yara ta kasa? Ta jefa ta bayan randa da hannun hagu, ta juya fuska bango.

Abarci ya kwana biyu yana wucewa ta zaure yana kallon akwatin. A rana ta uku ya fitar da ƙoren da buhunan, ya share kashin ɓera. Ya tafi Maradi ya samo tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, wajen wani mai gyara, wanda ya zuba masa wasanni a ciki, da gilashi mai faɗi maras nauyi. Ya ciro tsohon gilashin da ƙonannen allon ya ajiye gefe. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne yadda sandar za ta yi magana da ordinater. Sai ya fasa kilabiye, wato abin da ake danna haruffa, ya ciro ɗan allon da ke ciki, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana liƙawa da dalma: wannan sama, wannan ƙasa, wannan hagu. Idonsa ya riga ya fara rauni, don haka a tsakar gida yake aikin, cikin rana, gumi na ɗiga kan allon. Sau biyu yana ƙona yatsa. Sau ɗaya ya haɗa a juye, in an tura dama abin ya tafi hagu.

Abokinsa Kimba kafinta ya zo da zarto ya rage wa akwatin tsawo, yadda mai zaune a kujera zai kai. Suka ɗora fano, wato faifan hasken rana, a kan soro, suka haɗa da batir, suka shigar da akwatin ɗakin Aisata.

"Malam, ka haukace?" in ji ta, bakinta a karkace. "Ni da jikoki?"

"Likita ya ce ki motsa shi."

"Likita bai ce ka kawo mini gawa ɗaki ba."

Ya ɗaga hannunta na dama ya ɗora kan sandar, ya rufe da nasa. A gilashin wata 'yar kaza ce ke son tsallake hanya, motoci na wucewa. Suka tura tare, mota ta take ta. Aisata ta ce, "Innalillahi, ka kashe ta!" Sai ta yi dariya, karo na farko tun faɗuwarta.

Daga ranar, Abarci ya riƙa rufe rumfa da azahar. Yakan tarar da ita ta ja jiki ta zauna gaban akwatin, tana zagin motoci. Maƙwabta mata da suka daina leƙowa saboda ba su san abin da za su ce mata ba, suka dawo, suna ihu a bayanta. Ta ƙware har kazar tana tsallake hanya goma ba a taɓa ta ba. Abarci ya riƙa gaya wa kowa a tasha cewa hannun yana dawowa.

Wata rana ya manta tabaransa ya dawo da hantsi. Daga bakin ƙofa ya gan ta. Hannun hagu ne a kan sandar, na daman yana kwance a cinyarta, yatsun a dunƙule. Da ta ji motsinsa ta yi sauri ta ɗauko shi ta ɗora, sai ya zame.



"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun farko. In kana nan, naka ne ke turawa, ba ka lura ba." Ta dube shi. "Malam, wannan hannun ya tafi, na sani tun a Maradi. Amma shekara talatin kana rumfa daga safe har duhu, ni ina bakin murhu. Yanzu ne kake zama kusa da ni. In na faɗa maka, sai ka koma."

Ya zauna a bakin gado. Can ya jawo kujerarsa, ya ɗauki hannun ya ɗora kan sandar kamar kullum, ya rufe da nasa. Ba su ƙara tayar da zancen ba, kuma bai daina dawowa da azahar ba.

Wata bakwai suka samu a haka. Ciwon ya dawo mata ranar wata Laraba da kaka, ana cikin yankan gero. Kafin a samo mota ta cika.

Bayan sadakar arba'in Sharifa ta ce, "Baba, ka zo mu tafi." Ya ƙi. Ya yi shekara guda shi kaɗai a gidan. Kullum yana goge akwatin, yana duba ruwan batir, amma ba ya kunnawa. Da idon ya kai ba ya gane fuskar mutum sai ya yi magana, ya yarda ya bi Sharifa. Motar kasuwa ba ta da wurin akwatin, sai ya bar shi gidan Kimba.

Yanzu yana Bader Goula, a zauren surukinsa. Mutane na kawo masa tocila da ƙananan rediyo, yana gyarawa da lalube. Kwanakin baya Kimba ya kira shi a waya, ya ce jikokinsa sun kunna abin, gilashin ya kawo, amma sandar ba ta motsa komai. Abarci ya ce ya buɗe bayan, akwai jar waya ta uku daga hagu, wataƙila ita ce ta saki. Kimba ya daɗe yana nema, ya ce wayoyin sun yi yawa, duk kama suke masa.



"To, bar shi haka," in ji Abarci. "Ka dai rufe shi da zane, kada kaji su shiga."