Abin da Rabi Ta Ajiye a Ƙarƙashin Hulata

Shekara tara ke nan da muka kai matata Rabi makwancinta a bayan duwatsun Roni. A lokacin ban san ko harafi ɗaya ba. Yau ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, kuma da hannuna nake rubuta wannan, a hankali.

Haihuwarta ta biyar ta zo da jijjiga da zubar jini. Likita ya gaya mata wani cikin zai iya tafiya da ita. Ina waje wajen babur, ban ji ba. Ƙwayar tazarar haihuwa ba ta karɓe ta ba, allura kuma ta sa mata jiri. Sai wata nas 'yar kudu ta ba ta kwaroron roba na mata, wanda mace ke sakawa da kanta, ya hana ɗaukar ciki, ya kuma tare cututtukan saduwa.

Rabi ba ta iya buɗe baki a kan irin wannan. Mun saba, abin da take jin nauyin faɗa sai ta ajiye alamarsa a ƙarƙashin hulata. Idan na ɗauki abin, na yarda ke nan. Idan na mayar ɗakinta, ta san na ƙi. Da goron gayyata ta taɓa neman izinin zuwa biki Babura.

Wata safiya na ɗaga hula na tarar da farin fakiti mai rubutu. Na jujjuya shi. Na zaci maganin mata ne yara suka yi wasa da shi, namiji kuwa ba ya tambayar kayan mata. Na mayar cikin kwallarta na wuce gona. Kafin shekara ta zagayo Rabi ta rasu a kan gwiwa, ita da abin da ke cikinta.

Bayan arba'in yayarta Tabawa ta tare ni a zaure.

"Malam Sale, ashe kai ma akwai taurin kai. Abin da zai tsare mata rai ka mayar mata?"

"Wane abu, Yaya?"

"Au, ba ka ma sani ba? Innalillahi. Ita kuwa ce mini ta yi ka ƙi." A nan ta gaya mini ko mene ne fakitin, da abin da likita ya ce.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma ta tafi tana ganin na sani na ƙi, wannan ne ba ya barina.

Da za ta dawo yau, me za ta gani? Rediyo na ta maganar tazarar haihuwa. Amma watan jiya na daure na tambayi kwaroron roba na mata a wani kemis a Kazaure, mai shagon ya yi dariya: "Baba, na mata? Na mazan ma sai an waiga hagu da dama ake tambaya."

'Yarmu ta fari tana aure a Gwiwa. Cikinta na uku ke nan a shekara huɗu, ƙafafunta sun kumbura kamar na uwarta. Tabawa, wadda za ta iya yi mata magana, ta rasu bara. Ni kuwa ko sunan yarinyar ba na iya kira, 'yar fari ce, balle in zaunar da ita a kan wannan. Ranar kasuwa na je takanas, na sha fura, na yi wa mijinta zancen taki, na dawo.

Na duba abin da ya rage na Rabi a duniya. Akwai yara biyar, akwai haƙurinta da kunyarta, halin da 'yar ta gada. Mutane suna yaba mata a kan haka, kamar yadda suka yaba wa uwar a wajen makoki.

Na rubuta a jarida abin da bakina ya kasa faɗa. 'Yar tawa kuwa ba ta karatu, mijinta ma haka.