Hannun da Muka Saki

Tun muna aji ɗaya a sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a Malumfashi, ni da ƙawata hannu riƙe muke tafiya. Wa zai kula? Kowace yarinya haka take da tata ƙawar. Sai a aji biyar na gane cewa in ta saƙa yatsunta cikin nawa ƙirjina bugawa yake, kuma na gane ita ma haka. Ina sonta. Ba mu taɓa furtawa ba, ba mu kuma buƙaci furtawa ba.

A zangon nan aka kori wasu ɗalibai biyu da aka ce suna son juna. Shugabar makaranta ta tsayar da su gaban asambuli ta ce sun lalace. Aka yi musu ihu har bakin get. Ɗayar 'yar garin Ƙarfi ce, an ce babanta bai sake barinta ta leƙa ko zaure ba. Ranar, a hanyar gida, ƙawata ta zare hannunta.

"Mu rage," ta ce, ba ta dube ni ba.

Muka rage, mu ga masu wayo. Ta canja benci, ni na canja hanya, ina zagayawa ta bayan kasuwa. Ashe wauta muka tafka. 'Yan ajinmu da ba su taɓa kallonmu ba suka fara ƙus-ƙus. Mai ƙosan layinmu ta tambaye ni ina 'yar biyuna.

Wata Asabar Inna tana bakacen masara a tsakar gida, sai ga sallamar ƙawata. Ashe Inna ce ta aika a kira ta.

"Ke, zo nan," Inna ta ce da ni. "Me ya haɗa ku?"

"Ba komai, Inna."

"Ba komai ake gaba? Ke kuma 'yata, me ta yi miki?"

"Wallahi ba ta yi mini komai ba, Inna."

Ta ajiye faifai, ta kamo hannuwanmu ta haɗa, ta ɗora nata mai garin dusa a kai, yadda ake sulhunta yara. Hannun ƙawata ya damƙe ni kamar za a ƙwace ni. Inna ta dubi hannuwan, ta ɗago ta dube ni, ta dube ta. Na ga lokacin da ta gane. Na fara jin ihun asambulin nan a kunnena.

Ta waiga ɗakin Baba, inda rediyo ke magana. Sannan ta rage murya.

"Jibi ku fita tare, hannu riƙe, kamar da. Wannan guje-gujen naku ne zai tona ku."

Ta ɗauki faifanta. Masarar tana zubewa ƙasa, kaji suna tsinta, ba ta kore su ba.