Juma'ar Kofur

Bayan an gama yaƙin basasa, kuɗin mai ya shigo gari, a Nassarawa GRA har kare sai ya ga dama yake cin tuwo. Ni kuwa gadi nake yi a gidan wani Alhaji ɗan kwangila. Ranar da ya sayo talabijin mai girman rumbu ya ce min, "Ko eriyarta ce ta ɓata, ka kama hanyar ƙauyenku."

Matsalar ita ce Juma'a. Ɓarayi sun gano da an yi kiran farko unguwa takan zama wayam, kowa ya tafi masallaci. An riga an yashe wasu gidaje ta wajen Giginyu. Sai muka zauna taro a gindin darbejiya, mu masu gadin layinmu: ni, da wani Buzu mai takobi, da wani dattijo Bakatsine, da Kofur, tsohon soja da ya dawo daga yaƙi da ɗingishi da baki.

Kofur ya ce, "Kowace Juma'a mutum ɗaya ya tsaya, ya tsare gidajen duka. Wanda ya taɓa gida ɗaya, ya taɓa mu gaba ɗaya." Muka shafa fatiha. Sai ya ƙara da cewa, "Amma sai na zaga kowane gida, in ga inda katanga ta yi gajarta."

Na ce, "Kofur, tsaro za ka yi ko awo?"

Ya ce, "Kai baƙauye, haka ake shirin yaƙi."

Ya zaga gidanmu. Ya leƙa taga, ya daɗe yana kallon talabijin, ya ce, "Wannan ai sai mutum biyu." Mutum biyu su yi me?

Da Juma'arsa ta zo na sa farar riga, na yi masa sallama da ƙarfi, na sha kwana, na zagayo ta baya na ɗare mangwaron gidanmu. Ina ɗaga kai sai na ga ƙafa. Buzu ne a reshen sama, rawani ya maƙale da ganye.

Na ce, "Buzu, nan ne sahun gaba?"

Ya ce, "Yi shiru. Sojan nan ban yarda da shi ba. Kai ma haka."

Sai muka ji tari a cikin shingen furanni. Baba Bakatsine ne a tsugune da gora, cinnaka na cin sa, ya kasa motsi.

Muka yi ta zuba ido, ba Kofur ba dalilinsa. Na ce shi ke nan, ya tafi kiran na biyunsa. Har na fara tunanin abin da zan faɗa a ƙauye.

Can bayan an sauko sai ga shi da darduma a kafaɗa, yana jan carbi. Ya tsaya gindin mangwaro, ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Ku sauko, liman ya yi muku addu'a. Na san ranar tawa gadi uku za a yi."

Talabijin ta tsufa a gidan nan, ni ma haka. Kofur kuwa bai taɓa rasa jam'i ba, don duk Juma'arsa muna kan mangwaro. Ai har yau bai gaya min mutum biyun nan me za su yi ba.